Gundumar Kilifi ta Ƙasar Kenya: Ƙasa, Jama'a da Hanyoyin Neman Cimaka

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu can gabashin Afirka, wata gunduma ta manoma da makiyaya da masunta wadda ke kwance a bakin teku. Sunanta Kilifi, tana cikin ƙasar Kenya. Mu da ƙasarmu ba ta taɓa teku ba, mukan ɗauka cewa wanda Allah ya ajiye gaban ruwan da ido ba ya ganin iyakarsa ya rabu da ƙishirwa da yunwa. To, a binciken lafiyar iyali da Kenya ta yi a shekara ta 2022, an samu cewa cikin yara 100 ƴan ƙasa da shekara 5 na Kilifi, 37 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Babu gundumar da ta kai ta yawan haka a ƙasar, wadda matsakaicinta yara 18 ne cikin 100. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai mu bi ƙasar daki-daki mu ga abin da ya kawo haka, da irin dabarun da mutanenta ke yi.

1. Inda take da girmanta

Tsarin mulkin da Kenya ta amince da shi a 2010 ya raba ƙasar gunduma 47, suka fara aiki bayan zaɓen watan Maris na 2013. Kowace gunduma tana da gwamnanta da majalisarta, jama'a ke zaɓensu, kuma a hannunsu sha'anin asibitoci da noma da kiwo da ƙananan hanyoyi yake. Gwamnan Kilifi na farko shi ne Amason Kingi, daga 2013 zuwa 2022, sa'annan aka zaɓi Gideon Mung'aro.

Kilifi tana kudu kaɗan da layin da ya raba duniya biyu. A gabas ta yi iyaka da Tekun Indiya, a kudu da Mombasa da Kwale, a yamma da Taita Taveta, a arewa da gundumar Kogin Tana. Faɗinta ya ɗara murabba'in kilomita 12.000, watau bai kai kashi ɗaya cikin uku na jahar Maraɗi ba. Tsawon gaɓar tekunta kimanin kilomita 265 ne, ya fi tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram da kaɗan. Fadar mulki tana garin Kilifi, kamar kilomita 60 arewa da Mombasa. Sauran manyan garuruwan su ne Malindi, Mtwapa, Mariakani da Watamu.

2. Shimfiɗar ƙasa da ruwan sama

Wanda ya taso daga bakin teku ya nufi yamma zai ratsa ƙasa iri huɗu. Da farko akwai fili mai rairayi da dutsen murjani, faɗinsa daga kilomita 3 zuwa 20. Nan da can teku ya kutso cikin ƙasa ya yi ƴan rassa, kamar na Mtwapa, Kilifi da Mida, inda wasu itatuwa ke tsira cikin ruwan gishiri. Daga nan sai ƙasa ta ɗan tashi, mai laka. Na uku tuddai ne da tsayinsu ya kai mita 150 zuwa 450, masu ni'ima da ƙasa mai kyau. Na huɗu shi ne babban fili da ake kira Nyika, dajin ƙaya da kuka, wanda ya cinye kusan kashi biyu cikin uku na gundumar.

Iskar da ke busowa daga teku ita ke ɗauko ruwa. Tana zubar da mafi yawansa a gaɓa da bisa tuddai, kafin ta isa Nyika ta tsotse. Shi ya sa a bakin teku akan samu har milimita 1.300 a shekara, amma can ciki, wajajen Bamba da yammacin Ganze da Magarini, yakan sauka har zuwa milimita 300, abin da bai fi na arewacin Tawa ba.

Damanarsu biyu ce. Babbar tana kamawa daga wajajen Afrilu zuwa Yuni, ƙaramar daga Oktoba zuwa Disamba. Mai ji zai ce sun more, tun da sau biyu suke shuka. Amma a lura: in aka raba milimita 500 gida biyu, kowace damana ba ta isa ta nunar da masara, wadda ita ce tuwonsu. Daga ƙarshen 2020 zuwa ƙarshen 2022 damana biyar a jere ta ƙi a yankin gabashin Afirka. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Kenya ta bayyana farin a matsayin bala'in ƙasa. A Ganze da Magarini tafkuna sun ƙafe, shanu sun mutu, mata suna wuni a hanyar ruwa.

Babban kogin gundumar shi ne Sabaki, wanda ake kira Athi da Galana a can sama. Yana faɗawa teku arewa da Malindi. A gefensa, a wurin da ake kira Baricho, an gina rijiyoyin da ke shayar da Malindi da Kilifi har Mombasa. A watan Afrilu na 2018 kogin ya yi ambaliya, ya cinye gonaki da gidaje, ya lalata wani sashe na rijiyoyin, garuruwa suka shiga wahalar ruwan sha alhali ƙauyuka suna cikin ruwa.

3. Jama'a

Ƙidayar 2009 ta samu mutum 1.109.735. Ta 2019 ta samu 1.453.787: maza 704.089, mata 749.673. Kowane gida yana ɗauke da kusan mutum 5. In aka raba jama'a da faɗin ƙasa, za a samu mutum 116 a kowace murabba'in kilomita, sai dai rabon ba daidai yake ba. Jama'a ta cunkushe a gaɓa da tuddai, Nyika kuwa sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga gida. Mafi yawan mutane a karkara suke, kuma yara da samari sun fi yawa nesa.

Ƙabilun da suka fi yawa ana kiransu Mijikenda, ma'anar sunan "garuruwa tara". Bakwai daga cikinsu nan ne gidansu: Giriama, waɗanda suka fi yawa, da Chonyi, Kauma, Jibana, Kambe, Ribe da Rabai. Sauran biyun, Digo da Duruma, sun fi zama a Kwale. A garuruwan gaɓa akwai Suwahilawa da Bajuni da jikokin Larabawa da Indiyawa, a arewa kuma akwai makiyaya Orma. Harshen Suwahili ne ke haɗa kowa a kasuwa. Kirista sun fi yawa, Musulmi sun fi ƙarfi a garuruwan bakin teku, akwai kuma masu riƙe da al'adar kakanni.

Gaɓar nan tsohuwar hanyar fatauci ce. A 1498 Baturen Fotigal Vasco da Gama ya sauka Malindi, sarkin garin ya ba shi jagoran da ya nuna masa hanyar Indiya. Kusa da Watamu akwai kangon birnin Gedi, mai masallatai da fada da gidajen dutse, wanda aka watse aka bari a ƙarni na 17. Masana sun lura cewa mutanen birnin sun yi ta ƙara wa rijiyoyinsu zurfi, suna ganin janyewar ruwan ƙasa tana cikin dalilan tashinsu. A 2024 hukumar UNESCO ta sa Gedi cikin kayan tarihin duniya.

4. Gona ta wa?

Ba a fahimtar talaucin Kilifi sai an san tarihin gonakinta. A ƙarni na 19 attajiran Larabawa da Suwahilawa suna da manyan gandaye a kewayen Malindi, bayi ke noma musu dawa da riɗi. A 1895 Ingila ta karɓi mulkin gaɓar, amma aka bar wani ziri mai faɗin kilomita 16 daga bakin ruwa da sunan Sarkin Zanzibar, har zuwa samun ƴancin kai a 1963. An hana bauta a gaɓar a 1907. A 1908 Turawa suka kafa doka: duk mai gona a zirin ya zo ya nuna hujja a ba shi takarda, abin da ba a nema ba ya zama na gwamnati. Masu gandaye da suka san kan takarda suka nema suka samu. Ƴantattun bayi da manoman Mijikenda, waɗanda akasarinsu ba su da karatu, dokar ta wuce su ba su sani ba. Suka wayi gari baƙi a gonar da suke nomawa.

A 1913 wata dattijuwa Bagiriama mai suna Mekatilili wa Menza ta bi ƙauyuka tana kiran mutane su ƙi haraji da aikin tilas a gandayen Turawa. Aka kama ta aka kai ta yammacin Kenya. A 1914 faɗa ya tashi, Turawa suka ƙone gidaje, suka kori Giriama daga ƙasa mai albarka ta arewacin Sabaki.

Bayan ƴancin kai gwamnati ta yanka filaye ta raba, ta kuma ba da takardu a lokuta dabam-dabam, amma har yau iyalai da yawa suna zaune bisa ƙasar da sunan wani ke kan takardarta. Wanda bai tabbata gobe gonar tasa ce ba, da wuya ya dasa itacen da sai bayan shekara shida zai ci amfaninsa, kuma banki ba ya ba shi bashi. A binciken 2015 zuwa 2016, mutum 46 cikin 100 na Kilifi suna cikin talauci, alhali a ƙasar baki ɗaya 36 ne.

5. Noma da kiwo

Cimakar gida ita ce masara, rogo, wake da ganye. Masara ta fi shiga ran mutane, har suna shuka ta inda ruwa ba ya isarta, su yi asara shekara bisa shekara. Malaman gona suna ta jan hankalinsu ga rogo da dawa da wake, waɗanda suka fi jure fari.

Itacen kuɗi na farko shi ne kwakwa. Tana fara haihuwa bayan shekara 6 ko 7, ta yi shekara 60 ko fiye tana bayarwa. Ana shan ruwan ɗanyarta, a yi miya da madararta, a tatsi mai daga busasshiya, a yi jinka da tsintsiya da ganyenta. Ana kuma tsaga kan furenta a tari bammi da suke kira mnazi, sana'ar da gidaje da yawa ke ci da ita, ko da yake itacen da ake tatsa ba ya ba da ƴaƴa sosai. Damuwar yau ita ce itatuwa da yawa sun tsufa, dashen sababbi kuma bai kai yadda ake so ba.

Na biyu shi ne kashu, wanda Turawan Fotigal suka kawo daga Birazil. A 1975 an buɗe masana'antar ɓare kashu a garin Kilifi. Ta ɗauki ma'aikata masu yawa, akasari mata, manomi kuma ya san inda zai kai kayansa. A cikin shekarun 1990 aka sayar da ita ga ƴan kasuwa, ta durƙushe ta rufe. Dillalai suka riƙa saye da arha. Manoma suka daina sassabe da feshi, cutar farin ƙura da ke kama fure ta yi yawa, wasu suka sare itatuwan suka yi gawayi. A 2009 gwamnati ta hana fitar da ɗanyen kashu waje domin a riƙa ɓare shi a gida. An samu sababbin ƙananan masana'antu da sabon iri mai saurin haihuwa, amma itacen da aka sare a yini ɗaya sai an yi shekaru kafin a maye shi.

Akwai kuma mangwaro a kwarin Sabaki, abarba a wajajen Marafa, da babban gandu a Vipingo na wani tsiro mai kaurin ganye da ake cire zare a jikinsa a yi igiya da buhu. A Nyika kiwo ne gaba: shanu masu tozo, awaki, tumaki da kaji. Giwaye daga gandun dajin Tsavo sukan fito su tattake gonaki, musamman lokacin fari.

Wata dabara da ta shiga yankunan fari na Kilifi sananniya ce gare mu. Ramukan shuka ne da ake ginawa da rani, a zuba taki a ciki, su tare ruwan sama a gindin shuka. Can suna kiranta zai, sunan da ta taso da shi daga Yatenga ta Burkina Faso. Ita ce tassa da manoman Illela suka gani a Yatenga a 1989, suka dawo suka raya faƙo da ita.

6. Abin da teku ke bayarwa

Iska ce ke tsara shekarar masunci. Daga wajajen Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas, kaskazi, ke busawa, teku ya lafa, kifi ya samu. Daga Afrilu zuwa wajajen Oktoba iskar kusi ta kudu maso gabas ke tada igiyar ruwa, ƙananan jirage ba su iya nisa. Da yake akasarin masunta kwalekwale gare su, sai su taru a ruwan kusa da gaɓa. Taru mai ƙananan idanu yana kwashe har ƴaƴan kifi, kamun kowa ya ragu.

Mutanen ƙauyen Kuruwitu sun ga haka, suka kafa ƙungiya a 2003. Bayan shawara da dattawa suka keɓe hekta 30 na ruwansu, suka hana kowa su a ciki, suka sa masu tsaro daga cikinsu. Kifi ya hayayyafa a wurin, ya riƙa malala zuwa inda aka yarda a kama. Wasu ƙauyukan gaɓa suka kwaikwaya, kuma a 2017 ƙungiyar ta samu kyautar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Daga Gongoni zuwa Marereni ana tare ruwan teku a manyan fadamu, rana ta shanye shi, gishiri ya kwanta. Dabarar ɗaya ce da ta Bilma, sai dai nan kamfanoni ne da injuna. Mafi yawan gishirin Kenya daga nan yake fitowa. Amma mazauna wurin sun koka cewa an tashe su daga gonakinsu, an sare itatuwan gaɓa, rijiyoyinsu sun yi zartsi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Kenya ta saurari koke-koken a 2005, ta fitar da rahoto a 2006.

Baƙi masu yawon buɗe ido, musamman ƴan Italiya, suna zuwa Malindi da Watamu, inda aka keɓe gandun ruwa tun 1968. Otal-otal suna ba samari aiki, suna sayen kifi da kayan lambu. Sai dai aikin na lokaci ne, kuma da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, dubban ma'aikata suka koma gida hannu wofi. Akwai kuma masana'antar siminti a Vipingo, da gadar Kilifi mai tsawon mita 420 da aka gama a 1991, wadda ta hutar da motoci jiran jirgin fito.

7. Daji

Gandun Arabuko Sokoke, mai faɗin murabba'in kilomita 420, shi ne mafi girman abin da ya rage na dajin gaɓar gabashin Afirka. Tun 1993 manoman gefensa suke kiwon malam-buɗe-littafi, ana sayar da ƴaƴan ga gidajen kallo na Turai da Amurka. Suna kuma kiwon zuma. Wanda daji ke ba shi kuɗin makarantar ɗansa ba ya son a sare shi. Akwai kuma ƙananan kurmi da ake kira kaya, tsofaffin mazaunin Mijikenda, inda dattawa suka hana sara tun kaka da kakanni. UNESCO ta karrama su a 2008. Inda babu irin wannan tsaro, kamar dajin Dakatcha, gawayi yana cin itace. A 2022 an tumɓuke manyan kukoki 8 domin a kai su ƙasar Jojiya, abin ya tada ƙura har shugaban ƙasa ya sa a yi bincike.

8. Lafiya

Zafi da laima suna renon sauro. Tun 1989 cibiyar binciken lafiya ta Kenya, KEMRI, tare da gidauniyar Wellcome ta Ingila, suke aiki a asibitin Kilifi. Daga 1993 zuwa 1995 an gwada sange mai magani a ƙauyuka. Mutuwar yara ƙanana ta ragu da kashi 33 cikin 100, kwantar da yara saboda masassara mai tsanani ta ragu da kashi 44. Wannan gwaji yana cikin hujjojin da suka sa aka shiga rabon sange a Afirka, har da babban rabon da aka yi a Nijar a 2005 da 2006. Sangen da ke rataye a ɗakinku, iyayen Kilifi suna cikin waɗanda suka fara tabbatar da amfaninsa.

A 2001 aka fara rigakafin ƙwayar cutar Hib, mai kawo sanƙarau da ciwon haƙarƙari ga yara. Cikin shekara uku cutar ta ragu da kashi 88 cikin 100 a Kilifi. A 2011 aka ƙara wani rigakafin na ciwon haƙarƙari, yaran da ake kwantarwa saboda shi suka ragu da kashi 27. An san waɗannan alƙaluma ne domin ma'aikata suna zagaya gidaje sau uku a shekara suna rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura. A Kilifi aka kuma gwada alluran rigakafin masassarar cizon sauro guda biyu, RTS,S da R21.

Akwai sauran aiki. Tundurmi, wanda sauro ke yaɗawa, an fara rabon maganinsa ga kowa da kowa a Kilifi a 2002. Tsargiya tana kama yaran da ke wanka a tafki. Jiga, wata ƴar ƙuma da ke zama cikin ƙurar daɓen ɗaki, tana shiga yatsun ƙafa ta hana yaro zuwa makaranta. Kariyarta wanke ƙafa da sabulu kullum da daɓe ɗaki da kyau, kuma cire ta da ƙaya ko tsohuwar allura yana jawo gyambo da sarƙe haƙora. Tsumburewar yara kuwa tushenta yana cikin abubuwan da muka gani a baya: masarar da ta ƙone, tuwo ba wake ba kifi, ruwan tafki mai sa zawo, da uwa da ta wuni neman ruwa ba ta samu shayar da jariri yadda ya kamata ba. Kifin da aka kama a gaɓa yakan tafi otal da birni, yaron Bamba bai gan shi ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Me ya sa ruwan sama ke raguwa in an yi nisa da teku?
2. Mutum nawa suka ƙaru a Kilifi tsakanin 2009 da 2019? A ƙidayar 2019, mata sun fi maza da nawa?
3. Yaya rashin karatu ya raba manoma da gonakinsu a 1908? Gonarku tana da takarda? Wa ya shaida iyakarta?
4. Da masana'antar kashu ta rufe, me ya kamata ƙungiyar manoma ta yi kafin a kai ga sare itatuwa?
5. Mutanen Kuruwitu sun hana kansu su a hekta 30. Wane wuri ne a ƙauyenku, daji ko tafki ko makiyaya, za a iya hutar da shi haka, kuma wa zai tsare shi?
6. A jiya da dare, yara nawa ne a gidanku suka kwana cikin sange?